Shekarunta Ya Saurara

Ni na saita piyanon da safe,
ni Tanimu, mai kunne ɗaya da rabi.
Sanyin Jos ya sa wayoyin sun saɓa cikin dare,
na bi su ɗaya-ɗaya da makulli
har suka daina musu da juna.

Da yamma zauren bai cika ba.
Ruwan Agusta na dukan kwano,
mutane na karkaɗe lema a bakin ƙofa.
Na zauna layi na huɗu, bayan Dokta Lohnan,
wanda alƙalaminsa ke yanka, ke rayawa
a shafin Asabar.

Ya buɗe takardar shiri, ya gyara tabarau,
yatsansa ya tsaya kan layi guda:
Chundung Dalyop, shekara goma sha bakwai.
Na ga ƙeyarsa ta yanke hukunci
tun yarinyar ba ta ja kujera ba.

Ta fito da takalmin aro, ya ɗan yi mata yawa.
Ta hura yatsunta sau biyu.
Sai ta fara,
a hankali, kamar mai tsallaka duwatsun Shere da tulu a ka.
Akwai wani wuri a tsakiyar kiɗan
inda hannun hagu ke tafiya shi kaɗai,
shekara arba'in ina jin manya na wuce shi a guje
kamar masu tsoron kare.
Ita ta tsaya.
Ta bar shirun ya gama maganarsa.
Har ruwan sama ya ji kunya, ya rage murya.

Dokta bai ji ba. Yana rubutu.

Ranar Asabar na sayi jaridar a Taminus.
"Hannu akwai gudu," in ji shi, "amma zuciyar ɗanya ce.
Wannan kiɗa na waɗanda suka binne wani ne.
A bar ta ta nuna tukuna.
Da tsohuwar zuma ake magani."

To, Dokta, tsohuwar zumar
a tsohuwa ƙudan suka haife ta?
Bara wani dattijo ya zo daga Ikko,
ya yi tuntuɓe sau shida, na ƙirga,
ya manta rabin shafi, ya cike da tari,
ka rubuta: zurfi.
Da ita ce ta zame sau ɗaya
da ka rubuta: ƙuruciya.
Shi kuwa wanda ya tsara kiɗan,
malaminta ya ce min bai ga furfurarsa ba ya rasu.
Da ya zo zauren nan da kansa
ina jin sai ka ce ya je ya girma.

Ban san ko ta binne wani ba.
Ban tambaya ba, ba kuma hurumina ba ne.
Kunne ba ya neman takardar haihuwa.
Waya in ta yi daidai, ta yi daidai,
ko jiya aka ɗaura ta.

Amma kada in cika baki.
Ni ma ran da ta fara zuwa, tana 'yar shekara tara,
na ce, kauce, kada ki ɓata min aiki,
na rufe murfin a gabanta.
Har yau ƙarar murfin nan na cikin kunnena mai rabi.

Litinin na biya cocinsu a Tudun Wada.
Tana nan, da rigar sanyi mai huda a gwiwar hannu,
tana maimaita layi huɗu, sau nawa, ban ƙirga ba.
Na ce, kin ga jarida?
Ta ce, na gani, Baba,
ta nuna ƙasa da haɓa, hannuwanta ba su tsaya ba.

Kujerar nan dama ƙafarta ɗaya gajera ce,
shekara uku tana rawa.
Ta ninke shafin Dokta gida takwas
ta cusa a ƙarƙashi.
Yanzu ta zauna daram.